Shekara Biyu Muna Murɗa Iska

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, na shiga wata ƙungiyar makaɗa da ke haɗuwa duk Asabar a zauren wata makaranta a Ogba. Na san wasunku za su yi dariya, don a hotunan da nake sawa ba ku taɓa ganina riƙe da komai ba sai waya ko ledar cefane. To, haka abin yake. 'Yar Agege, 'yar mai goro, da hijabinta har gwiwa, ta maƙale gogen Turawa a ƙarƙashin haɓa tana goga masa sanda. Har yau ina yi, ɓoye muku kawai na yi.

Irin ƙungiyar nan ce da ake zama a kan kujeru kamar rabin da'ira, masu goge manya da ƙanana a gaba, masu busa a tsakiya, masu ganga can baya, kowa da takardar kiɗa a gabansa. Mutum ɗaya ne ke tsayawa yana fuskantarmu da 'yar siririyar sanda, yana nuna inda za a shiga da inda za a tsaya. Shi muke kira Oga mai sanda. Mu talatin da ɗoriya ne. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai wani mai gyaran janareta daga Isolo da ke busa ƙaho, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da ƙahon ko babu. Ni ce ta ƙarshe a layin masu goge. Kujerata tana jikin taga, in aka yi ruwa ni nake fara sani.

Ta hannun Baba na shiga. Ba mahaifina nake nufi ba, wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, wanda ya yi ƙuruciyarsa a badujala, da ya yi ritaya ya zauna a unguwarmu. Abin da yake busawa baƙi ne dogo, ɗan uwan algaita, sai dai muryarsa ta fi taushi. Ya gan ni ina goge ranar rabon kyaututtuka a makarantarmu, ya bi sawu har rumfar mahaifina da ke kusa da titin jirgi.

Mahaifina ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Malam, mu ba gidan maroƙa ba ne."

Baba ya ce, "Alhaji, ba a roƙo, ba a liƙi, ba a kiran sunan kowa. Karatu ne. Ga takardar ma, duba."

Mahaifina ya karɓi takardar ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai tururuwa ya gani a kan waya. Sau uku Baba yana dawowa. A na ukun mahaifina ya ba shi goro ya ce, "Daga ƙarfe goma zuwa azahar. Ta tafi tare da kai, ta dawo tare da kai. Amana ce na ba ka." Tun daga ranar, duk Asabar ina samun Baba a bakin titi yana jirana, mu shiga danfo, wato bas ɗin haya, tare, shi a bakin ƙofa ni daga ciki.

Yanzu ga al'adar da labarin nan ya rataya a kanta. A irin wannan ƙungiya, kafin a fara komai, mai algaitar nan ne yake ba da murya. Zai busa sauti guda ɗaya, ya ja shi, kowa ya saurara ya daidaita nasa kayan da shi. Mu masu goge muna da 'yan sanduna huɗu a kan gogen da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya ko a sassauta ta, mu kunnuwa muke ce musu. Mai algaita ya busa, ka goga tsirkiyarka, ka murɗa kunne har muryarka ta hau kan tasa daidai. In wannan ya lalace, duk abin da aka kaɗa bayansa ya lalace. Baba ne ke ba da muryar nan tun ranar da aka kafa ƙungiyar.

A Asabar ɗina ta farko, Baba ya busa, ni kuma da zuciya ɗaya na kama kunne zan murɗa. Sai ƙawata da muke karanta takarda ɗaya, wata Bayarabiya mai saurin magana, ta mintsine ni a cinya.

"Kar ki murɗa," ta raɗa min. "Taɓa kawai."

Da aka tashi hutu ta ja ni baranda ta buɗe wayarta. Akwai wata manhaja mai allura a fuskarta. In sauti ya yi daidai allurar ta tsaya cak a tsakiya, in ya yi ƙasa ta kwanta hagu. Ta ce kunnen Baba ya soma nauyi, muryar da yake bayarwa ta sauka kaɗan, kuma shi bai sani ba. Don haka matasa kan zo da wuri, su daidaita da waya a baranda, in an shiga Baba ya busa sai kowa ya ɗora hannu a kan kunnen gogensa, ya ɗan karkata kai, ya ɓata fuska kamar mai aiki, alhali ba abin da ya motsa.

Na ce, "To me ya sa ba a gaya masa ba?"

Ta kalle ni kamar na ce a tuɓe wa liman hula. "Wa zai gaya masa? Ke? Oga ma Baba ne ya koya masa karanta takarda."

Na koyi abin nan da nan, har na fi wasu iyawa. Na iya ɓata fuskar, na iya ɗan gyaɗa kai a ƙarshe kamar na samu abin da nake nema. Matsalar ita ce ba kowa ke wannan wasan ba. Manyan da suka daɗe tare da Baba, yawancinsu masu busa, su da gaske suke bin sa. Sai ƙungiya ta zama gida biyu, rabi suna bin Baba, rabi suna bin waya. Bambancin ba shi da yawa, wanda ba makaɗi ba ba lallai ya kama shi ba. Amma in muka ja dogon sauti tare, akwai wata 'yar rawa-rawa a cikinsa, kamar ƙarar janareta biyu a maƙwabta. Muka saba da ita. Shekara biyu na yi a haka, ban ƙara jin ta ba ma.

Sai wata Asabar Oga mai sanda ya sanar cewa kwamitin da ke kula da ƙungiyar zai turo wata mata ta zauna da mu sati uku. Ya ce, "Ba jarrabawa ba ce. Lafiyar ƙungiya za ta duba, ta rubuta abin da ta gani."

Mai janareta ya ɗaga ƙahonsa ya ce, "Oga, mu taho da fitsari a kwalba ke nan?"

Aka kwashe da dariya, kuma daga ranar sunanta ya zama Mama likita tun kafin mu gan ta. Amma a baranda maganar ta canza. Aka ce abin da ta rubuta shi kwamiti ke bi, kuma in ta ce a hutar da mutum, takarda kawai ake miƙa masa a ambulan, a gode masa. Ba wanda ya ambaci sunan Baba, amma kowa ya waiwaya ya kalli kujerarsa.

Ta zo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tabarau rataye da sarƙa, da fulas ɗin shayi da littafi mai baƙin bango. An ce ta yi shekaru tana kaɗa fiyano a ƙasashen waje. Na zaci za ta zauna a gaba kamar alƙali. Ina! Kujera ta ja ta zauna a cikinmu, can wajen masu ganga. Abubuwan da take dubawa ma sun ba ni mamaki. Ta bi takardunmu tana duba wa ke yin alama da fensir in Oga ya yi gyara, wa ke gyaɗa kai kawai. Ta tambayi wa ke jera kujeru. Ta lura da wanda ke dariya in wani ya yi kuskure. A tsakiyar wani kiɗa ta ɗaga hannu ta ce Oga ya ajiye sandarsa ya zauna, mu ci gaba mu kaɗai, ta ga ko muna jin juna. Ba mu yi nisa ba muka watse kamar kasuwa ta ga ruwa. Ita kuwa rubutu kawai ta yi.

A Asabar ta biyu ta ɗauko kujerarta ta ajiye kusa da taga. Kusa da ni. Baba ya busa murya, na ɗora hannu a kan kunne, na ɓata fuska, na gyaɗa kai. Wallahi ranar na fi kullum ƙwarewa. Da na ɗago, sai na ga ba fuskata take kallo ba, yatsuna take kallo.

Lokacin hutu kowa ya fita, ta ce in tsaya. Da Turanci muka yi magana, tana sako Yarabanci jefi-jefi.

"'Yata, me ya sa kike taɓawa ba kya murɗawa?"

Na ce, "Yana da tauri ne, Ma."

Ta miƙo hannu na ba ta gogen. Da yatsu biyu ta murɗa kunnen, ya juya sumul kamar an shafa masa mai. Ta mayar da shi inda yake, ta miƙo min. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Ta zuba shayi a murfin fulas ta kurɓa. Ta ce, "Ba sai kin gaya min komai ba. Ina da kunne, tun minti na farko na ji. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da zai iya buɗe baki. Asabar mai zuwa nake rufe littafina. In har lokacin shi kaɗai ne bai sani ba, dole in rubuta, kuma ba shi zai karanta ba, kwamiti ne. Shi ambulan zai gani." Ta rufe fulas ɗin. "Na ga tare kuke zuwa."

A danfo ranar Baba yana ta ba ni labarin yadda suka taɓa busa a ruwan sama har takalmansu suka cika, ni kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Kunnensa na hagu kawai nake kallo, da farin gashin da ya fito a ciki.

Da la'asar na sami mahaifiyata tana gyaran alayyafo a tsakar gida, na zauna na zayyana mata komai. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ba ruwanki. Ke ce ƙarama a cikinsu. Mutum talatin sun yi shiru, sai ke mai baki? Sa'an kakanki ne fa."

Na ce to. Na ɗauki wuƙa na taya ta. Muka yi ta gyara har tire ya kusa cika. Can sai ta ajiye wuƙarta.

"Ranar sunan ƙaninki," ta ce, "zanina ya yage ta baya. Wuni guda ina shiga ina fita, ina gaisawa da baƙi, ina raba abinci, har rawa na taka. Sai da kowa ya watse na gani. Kin san ban ji haushin zanin ba? Har yau in na ga matan da suka zauna a bayana ranar, sai na tuna. Akwai wadda muke ci a kwano ɗaya a cikinsu." Ta ɗauki wuƙar. "In za ki je, ki je gidansa. Kar ki yarda a gaban mutane. Ki durƙusa, ki gaishe shi da kyau. Kuma ki tafi masa da goro."

Ranar Laraba da yamma na je. Matarsa tana sayar da burodi a ƙofar gida, ta nuna min shi a bayan ɗaki, zaune a kan benci yana fiƙe 'yan kararen da ake sawa a bakin algaitar. Na durƙusa na ajiye goro. Na gaishe shi, na tambayi matarsa da na gani yanzu-yanzu, na tambayi yara, na tambayi jikoki, na tambayi ƙafarsa, har akuyar da ke ɗaure sai da na tambayi lafiyarta.

Ya ce, "'Yata, akuya tana godiya. Me ya kawo ki?"

Na fito da waya. Na ce, "Baba, don Allah ka busa min murya."

Ya yi murmushi, ya ɗauka wani abu nake son koya. Ya haɗa algaitar, ya jiƙa karan a bakinsa, ya busa. Allurar ta kwanta hagu. Na juya masa fuskar wayar na yi masa bayani, muryata ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Me? Ɗaga murya."

Wannan ya fi komai yi min ciwo, don sai da na maimaita da ƙarfi abin da ko a raɗa ban so faɗa ba.

Ya kalli wayar ya taɓe baki. "Wayoyin nan naku na yanzu. Kunnena shi ne na'urata tun ba a haifi ubanki ba." Ya sake busawa, allurar ta sake kwanciya. Sai ya tashi ya shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, ya kore ni. Amma ya fito riƙe da wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, tsohon kayan aikinsa na badujala, wanda in an buga shi a gwiwa yake ba da muryar da ba ta taɓa canzawa. Ya ce, "Wannan ba ya ƙarya. Bari mu kama wayarki."

Ya buga a gwiwa, ya kawo kusa da wayar. Allurar ta miƙe ta tsaya cak a tsakiya.

Ya sake bugawa. Cak. Sai ya buga ya kai kunnensa na dama, ya daɗe. Ya buga ya kai na hagu, ya fi daɗewa. Ni dai ina durƙushe ina kallon ƙasa, ina jin kiran mai burodi daga waje.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Haka na tarar, Baba."

"Shekara biyu ke nan, ko fiye." Ya ajiye ƙarfen a kan benci a hankali. "Amma duk Asabar ina ganin hannuwanku suna murɗawa."

"Ba ma murɗawa, Baba. Taɓawa kawai muke."

"Har da ke."

"Har da ni."

Ya gyaɗa kai sau da yawa. "Shekara biyu kuna murɗa iska, ni kuma ina busa muku kamar wawa." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Tashi ki tafi gida, kar magariba ta same ki a hanya." Bai ce 'yata ba. Goron ma bai taɓa shi ba.

Kwana biyun da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Ina ta tunanin na karya dattijon da ya taka wajen mahaifina sau uku saboda ni. Ranar Asabar na fita bakin titi, babu Baba. Na jira, danfo na zuwa suna wucewa, kwandastoci suna ta kiran Ogba a kaina. Na ruga gidansa, matarsa ta ce ai tun da sassafe ya fita, ko shayi bai sha ba. Na koma gida ina kuka, don sharaɗin mahaifina shi ne tare da shi. Mahaifiyata ta gyara min hijabi ta ce, "Je ki. Babanki ni zan ji da shi." Ranar ce na fara shiga danfo ni kaɗai da akwatin goge a cinya.

Da na shiga zaure, ga shi zaune a kujerarsa. Ya sa tsohon kwat ɗinsa na badujala, an goge shi har yana ƙyalli. Bai kalle ni ba. Mama likita tana gefe da littafinta a rufe a kan cinya. Kowa ya zauna, Oga mai sanda ya yi wa Baba alama ya ba da murya, hannuwa suka fara tafiya wajen kunnuwa kamar kullum.

Baba bai busa ba. Miƙewa ya yi.

Ya ce, "Kowa ya sauke hannunsa." Aka sauke. "Tambaya ɗaya gare ni. Duk wanda ya san muryar da nake ba ku ta sauka, ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa. Wasu suna kallon takardunsu kamar yau suka fara ganinsu. Ni kuwa na ce a raina ai na riga na yi nawa, a bar ni haka. Amma na ga yadda yake tsaye shi kaɗai cikin kwat ɗin nan yana jira. Sai na ɗaga sandar gogena.

Ƙawata ta ja tsaki a hankali, da kanta take, ta ɗaga nata. Sai na gabanta. Sai layin gaba ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga tana share ido. Har cikin masu busa, waɗanda muka ɗauka ba su sani ba, hannuwa suka tashi. Na ƙarshe shi ne Oga, kansa a sunkuye.

Baba ya dube shi. "Har da kai? Kai da na riƙe wa hannu na koya maka ɗaga sandar nan?"

"Baba, nauyinka na ji."

"Nauyina ka ji, ka bar mutum talatin suna kiɗa biyu a ɗaki ɗaya." Ya juya ya kalli sauran. "Kunnena ne ya tsufa, ba hankalina ba. Da kun gaya min, da tuni na san abin yi." Sai ya nuno taga da algaitarsa. "Ke, ta bakin taga. Tashi ki ba mu murya."

Jama'a, ban san yadda na miƙe ba. Na ɗora sanda a kan tsirkiya, abin da ya fito kuwa, ko ƙofar banɗakinmu ta fi shi daɗin ji.

Mai janareta ya ce, "Baba, don Allah dawo, mun tuba."

Dariyar da aka yi ita ta cece ni. Har Baba sai da gefen bakinsa ya motsa. Na ja numfashi na sake gogawa, wannan karon sautin ya fito, ya tsaya. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba a zauren nan: ƙarar kunnuwa suna juyawa da gaske, ƙiƙ-ƙiƙ ta ko'ina, masu busa suna ja suna turawa. Baba ya miƙa hannu ƙawata ta ba shi wayarta, ya ɗora a gaban takardarsa, ya busa, ya ƙara tura karan ciki, ya sake busawa yana kallon allurar har ta miƙe. A hankali rawa-rawar nan ta ragu, ta ragu, ta ɓace. Ya zama sauti ɗaya tal, mai faɗi, kamar zauren ne da kansa yake numfashi. Ashe haka ya kamata mu riƙa ji duk Asabar.

Bayan an tashi, Mama likita ta karanta mana abin da ta rubuta, kuma ba ta raga mana ba. Masu ganga suna danne kowa. Layin baya ba ma riƙe fensir. Oga yana yawan surutu, mu kuma muna kallon sandarsa maimakon mu saurari juna. Ta ce akwai shafi guda da ta rubuta satin da ya wuce wanda ba za ta miƙa ba, ta yage shi a gabanmu ta cusa a jakarta. Game da Baba layi ɗaya ne: ya ci gaba da zama a kujerarsa, ya ci gaba da ba da murya, da allura a gabansa. Ta ce tsufan kunne ba ciwon ƙungiya ba ne, kowa yana hanya. Abin da ta zo ta tarar shi ne ɗaki cike da mutanen da suka daina gaya wa juna abin da suke ji, kuma wannan ne ke kashe kiɗa tun kayan suna sababbi.

Baba ya dawo da ni gida ranar, amma sati biyu ba ya ce min komai a danfo sai gaisuwa. A na ukun ya sayi dafaffiyar gyaɗa ta taga, ya zuba min rabi a tafin hannu, ya ce, "Duk cikinsu ke kika fi rashin kunya, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Na ci gyaɗar nan da hawaye, har da ɓawo.

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. In ya busa murya, ko da allurar tana gabansa, sai ya waiwayo taga ya kalle ni. In na gyaɗa kai, a ci gaba. Sau ɗaya na girgiza kai, shi kuwa ya tura karansa ya sake busawa kamar ba komai. Ya ƙara shekara ɗaya da rabi tare da mu, sannan da kansa ya ce ya isa, ya tattara ya koma Filato. Ba ambulan, ba kwamiti. Mu muka raka shi tasha.

Abin ya wuce tuntuni, kuma ya ƙare lafiya, amma ba zan ce muku ya sake ni ba. Har yau in na tuna bayan ɗakin nan da ƙarfen nan a kunnensa na hagu, sai in ji kamar yanzu nake durƙushe a gabansa. Da na ɗauka abin tsoro shi ne ka gaya wa babba gaskiya. Yanzu abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wata rana in zama ni ce ake girmamawa irin wannan girmamawar, kowa yana min murmushi, ni kaɗai ban sani ba.

Na bar bakin taga, kujerata ta matso gaba. Da safe kafin manya su zo, ni nake koyar da sababbin shiga, ni nake ba su murya, suna ce min Anti. Kuma ba fuskokinsu nake kallo ba, yatsunsu nake kallo. Kwanakin baya na goga musu, sai na hango wata 'yar siririya a kujerar ƙarshe ta ɗora hannu a kan kunne, ta ɓata fuska, ba abin da ya juya. Na ce a raina, ko dai nawa kunnen ne ya soma nauyi? Na tsayar da kowa, na taka har inda take.

Na ce, "Ke, murɗawa kike ko taɓawa?"

Ta ce, "Yana da tauri ne, Anti."

Na karɓi gogen na gwada. Wallahi da gaske take, ko motsi bai yi ba, sai da na sa hannu biyu. Yaran suka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma ban koma gaba ba. Na ja kujera na zauna kusa da ita a bakin taga, na ce ta fito da wayarta ta ɗora a gabanmu. Na ɗauki gogena na ja muryar, ni da ita muna kallon allurar tare.